Motar Lauban da Ta Kafe a Bakin Teku

Jiya na tsaya ina kallon ɗayanku a bayan tashar nan, motarsa ta kafe a ɗan yashin da bai kai zurfin kwanon sha ba. Ya taka totur, ya sake takawa, taya tana ta haƙa wa kanta kabari, shi kuwa yana leƙowa ta taga yana yi wa masu turi faɗa. Da na ce masa ya kashe inji, sai ya ce, "Baba Ilu, ai abu ne mai sauƙi, wuta kawai take so." Shi ya sa na ce yau in an yi la'asar ku zauna in ba ku labarin yashi. Shekara goma sha tara na yi ina tono motoci a cikinsa, kuma ranar da na ɗauka na gama saninsa, ranar ya kusa kunyata ni a gaban mutanen da ko yarensu ba na ji.

A Kano aka haife ni, amma a hanyar Agadas zuwa Dirku na koyi aiki, a hannun Maigida Agali, wani dogon Buzu mai gingimari da ba ya son magana. Kafewarmu ta farko ina karen motarsa, da tsakar rana ce, da lodin gero da fasinja sun fi talatin a saman kaya. Na yi tsalle na sauka na rarumi shebur. Shi kuwa ya kashe inji, ya sauko a hankali, ya shimfiɗa bargo a inuwar mota, ya ciro wata 'yar butar shayi shuɗiya da duk fentinta ya kwaile, ya hura gawayi. Fasinja suna ta gunaguni, wani mai dabino har yana rantsuwa zai kai ƙara. Maigida bai ko ɗaga kai ba. Sai da ya sha kofi na uku ya ce da ni, "Yashin rana gari ne, yashin yamma ƙasa ce. In ka kafe, kashe inji, ɗora shayi. Yashi ba ya zuwa ko'ina." Da rana ta yi sanyi muka yi aikin rabin awa, mota ta fito.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu na ado a cikinsu. Akwai shebur mai gajeren ƙota, don mai dogo ba ya shiga ƙarƙashin mota. Akwai jak da katakon da za ka ɗora shi a kai, in ba haka ba jak ɗin ne zai nutse mota tana zaune tana kallonka. Akwai farantan ƙarfe biyu dogaye masu huji-huji da ake turawa ƙarƙashin taya, mutanen Nijar suna ce musu tol. Sai famfon iska, sai tsinken ashana. Kada ku yi dariya, tsinken nan ya fi shebur aiki. Da shi ake danna bawul a rage wa taya iska har ta yi tumbi ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi. Taya mai tauri tana yanka yashi, mai laushi tana hawansa. Wata biyu na yi ina rage iska Maigida yana zuwa ya taka tayar da ƙafa ya ce bai yi ba, kafin ya yarda hannuna ya san ma'auni.

Sai shekarar da hanya ta lalace. 'Yan bindiga suka cika ta, motoci suka yi ta zama a gareji wata da watanni, tayoyi suna tsagewa a tsaye. A lokacin ni ke tuƙa gingimarin, Maigida ya tsufa. Da zama ya yi yawa ya sayar da ita ga masu yanka ƙarfe, ya kira ni ya ba ni butar shayin nan, ya ce in koma gida in nemi abin yi. Ban sake ganinsa ba. Na dawo Kano na yi ɗan abin da ya samu, har Allah ya haɗa ni da Alhaji Ɗanlami, mai sayo takalma daga waje. Ya gan ni ina shirya masa kaya a mota, ya ga kwalin da wasu ke cewa ba wuri ni na samar masa wuri. Ya ce zai tafi da ni Sin in riƙa yi masa lodin kwantena. Haka na sami kaina a Guangzhou wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin baƙar fata ba mu da yawa, in ka hango ɗan'uwanka a titin Huanshi Lu sai ka ƙetara titi ka yi masa sallama ko ba ka san shi ba.

Aikin lodi ya karɓe ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba ni da lasin tuƙi na ƙasar, don haka shekara biyu ban taɓa sitiyari ba. Mutumin da ya ƙetare Sahara sau ba adadi, ga shi a kujerar baya direban tasi yana ƙona kuloci a gabansa ba shi da bakin magana. Abin yana cina, ina dai haɗiyewa.

Mai masana'antar da ke yi wa Alhaji silifa a Panyu, wani yanki na birnin, Lauban Liyan muke ce masa. Lauban a yarensu maigida ke nan. Gajere ne mai fara'a, ɗan can cikin ƙasa inda babu teku, neman kuɗi ne ya kawo shi kudu kamar yadda ya kawo mu. Ya sayo wata mota daga Hong Kong irin wadda ban taɓa gani ba, mota mai ɗaki a ciki. Da gado, da ɗan tebur, da murhun gas, da kabad, har da wurin wanke hannu. Sati uku da sayenta, ledar kujeru ma bai cire ba. Wata Lahadi ya ce zai kai mu mu ci kifi a bakin ruwa, can ƙasan Panyu inda kogi ke shiga teku. Muka tafi mu uku, ni da shi da Alhaji, shi ke tuƙi.

Akwai hanyar ƙasa mai tauri da ta ƙare a kan wani ɗan tudu, daga nan sai fili na yashi, ruwa kuwa yana can nesa da ƙyar kake hango shi. Kowa da hankalinsa a tudun zai tsaya. Lauban yana so mu ci abinci a cikin ɗakin motarsa muna kallon ruwa ta taga, sai ya gangara. Ya yi tafiya kamar tsawon filin ƙwallo biyu, mota ta fara nishi, ya yi abin da ɗan'uwanku ya yi jiya. Kafin in buɗe baki tayoyin baya sun shige har rabi, cikin motar ya zauna daram a ƙasa.

Ya fito ya zagaya ta yana riƙe da kai. Ya ce da Alhaji cikin guntun Turancinsu na ciniki zai taka zuwa ƙauye ya nemo tarakta. Nan Alhaji ya gyara tsayuwa. Ya dafa kafaɗata ya ce masa ba a neman tarakta in ga wannan, wannan da yashi aka yi masa wanka ranar da aka haife shi. Sannan ya juyo da Hausa ya ce, "Malam Ilu, ka fitar da ni kunya fa."

Na ce, "Alhaji, wannan ai wasan yara ne."

Lauban ya miƙo mini makulli da hannu biyu. Na duƙa na ɗebi yashin, ga shi da zafi yana zuba ta tsakanin yatsu. Na dubi rana, azahar ta ɗan gota. Na ce kowa ya zauna, ba mai zuwa ƙauye, ba mai taɓa komai sai rana ta yi sanyi. Na shiga motar na kunna murhun gas, na ciro butar Maigida daga jakata, don ba na fita ko'ina ba da ita ba. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar mota. Ina jin daɗi ranar, ba zan ɓoye muku ba. Shekara biyu ina ɗaukar kwali, yau ga ni a kan aikina, har mai masana'anta yana jiran abin da zan ce.

Muna kofi na biyu wata tsohuwa ta iso. Matar masunci ce, da baƙar riga da wando da faffaɗar malafa, fuskarta duk ta tattare, tana ɗauke da kwanduna biyu a sanda. Ta ajiye su ta dubi mota, ta dube mu a zaune, ta fara magana da ƙarfi tana nuna ruwa. Lauban ya saurara, ya ce mana yarenta na bakin ruwa ne, ba ya kama shi sosai, amma ya ɗauka kifi take talla. Ya kaɗa mata hannu ya ce, "Meyo, meyo," wato babu, ba ma so. Ni kuma na zuba shayi na miƙa mata, na ce da Hausa, "Iya, zauna ki huta."

Ba ta karɓa ba. Ta kama hannun rigata ta ja, da ƙarfin da ban zata ba a jikin tsohuwa. Na bi ta don kada in yi rashin kunya. Ta kai ni wurin wani turken gora da aka kafa kusa da motar, irin wanda suke ɗaure jirage. Ta ɗora yatsa a kan wani zane kore da ya zagaye shi, da ƙananan katantanwa manne a jiki, ta ɗauke yatsan ta ɗora a ƙirjina, daidai tsayinsa. Na gyaɗa kai don ladabi, ban fahimci komai ba. Ta yi tsaki, tsaki dai iri ɗaya ne a ko'ina. Ta ja ni muka yi ta tafiya har bakin ruwa, ta soke sandar kwandunanta da ta riƙo a busasshen wuri, taku biyar daga ruwa. Ta riƙe hannuna ta hana ni motsi. Muka tsaya kamar masu jiran liman. Ban kai ga gama Ƙulhuwallahu goma a zuciyata ba, ruwa ya zagaye sandar, ya taɓa mini takalmi.

Na juya na dubi motar, na dubi turken mai kore, na auna tsayin ƙirjina da tagarta. Ni na san kogi yana cika da damina, na san gulbi yana kawo ruwa in an yi sama a wani wuri. Amma ban taɓa sanin akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da yamma kullum ba, kamar mai zuwa kasuwa. Awa ɗaya da rabi na zaunar da mutane, na hana a nemo tarakta, kuma makulli yana aljihuna.

Na dawo da gudu. Alhaji ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Alhaji, tuɓe babbar rigar nan. Ruwa yana zuwa."

Babu shebur a motar, babu tol, sai ɗan jak na canjin taya. Na fara da abin da na iya. Na ɗauki ashanar murhu na bi tayoyi huɗu ina rage iska, ina takawa da ƙafa yadda Maigida ke yi. Alhaji da Lauban suka durƙusa suna tono da murfin tukunya da farantin cin abinci. A Sahara in ka tona yashi, yashi kake samu. A nan da muka yi zurfin kamu biyu sai ruwa ya tsattsafo daga ƙasa, ramin yana rushewa yana cika kansa. Na hana su ƙara zurfi, na ce su share gaban cikin motar kawai. Na shiga ɗaki na cire saman tebur. Lauban ya ga na fito da shi, ya buɗe baki, ya dubi ruwa, ya rufe. Na ɗora jak a kai na ɗaga gefe ɗaya, muka cusa ƙofofin kabad ƙarƙashin taya. Na ji tebur yana ƙara yana tsagewa, na yi kamar ban ji ba.

Tsohuwa ta ɓace, na ɗauka ta gaji da mu. Sai ga ta tana jan wasu asabarai na gora masu kauri da suke shanya kifi a kai, guda huɗu, suna warin da har yau in na tuna sai na ji shi a hanci. Tol ɗina ke nan Allah ya kawo. Na karɓa na fara jera su a bayan mota, ta wajen tudu, ta inda muka shigo. Ta zo ta sa ƙafa ta ture su. Ta ja su ta kai gaban mota, ta jera su suna kallon ruwa.

A nan ne muka yi gardama, ni da Hausa ita da yarenta, ba mai jin wani. Ruwa yana tafe, ita kuma tana cewa in tunkare shi da motar mutane. Ta kama ni ta kai ni kan jiƙaƙƙen yashi na kusa da ruwa, ta buga dunduniya, ba ta shiga ba. Ta nuna inda muka fito, ta buga, ƙafa ta lume. Sannan ta miƙa hannu can gefe, tsawon bakin ruwan, inda na hango jirage a kife da wata 'yar hanya fara da ta hau tudu. Ɓawon kawa ne, wata irin katantanwar teku, masunta suka zuba shekara da shekaru don jan jiragensu. Ta nuna mini da hannu in yi ta tafiya, ta dunƙule hannun ta girgiza kai, kada in tsaya.

Na tsaya ina lissafi. Baya hawa ne, yashi gari, tsawon fili biyu, da asabari huɗu sai mun ɗaga mun sake jerawa ya fi sau ashirin, ruwa zai riske mu. Gaba gangara ce, taku talatin zuwa jiƙaƙƙen yashi, amma in ta kafe a can ko tarakta goma ba za su cece ta ba. Duk abin da na koya a shekara goma sha tara yana cewa in yi baya. Alhaji yana haki ya ce, "Malam Ilu, kai ne direba, me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, ni direba ne a garinmu. Nan garinta ne."

Na shiga na tayar da inji. Ban sa giya ta ɗaya ba, tana da zafin rai, na sa ta biyu, na saki kuloci a hankali kamar mai sauke jariri, ƙafata da ƙyar take shafar totur. Su uku suna turi a baya har da tsohuwar. Mota ta yi rawa, ƙofar kabad ta fashe, taya ta kama gora. Na ji ta hau. Direba yana jin wannan a ƙugunsa kafin kowa ya gani. Ta gangara ta sauka kan jiƙaƙƙen yashi, na karya sitiyari a sannu, don in ka karya da ƙarfi tayar gaba garma take zama. Ruwa yana dukan tayoyin hagu, yana fallatsa har gilashi. Sau biyu na ji bayanta yana nauyi, zuciyata ta ce taka, na ƙi. Na riƙe ta a murya ɗaya har na ji ɓawon kawa yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashina. Na hau tudu na ja birki.

Suka iso a jiƙe har gwiwa. Na fito na miƙa wa Lauban makullinsa da hannu biyu yadda ya ba ni, don daga nan titi ne, titi kuwa ba nawa ba ne. Na nuna masa teburinsa da kabad, na ce Alhaji ya ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya rungume motarsa, a zahiri fa, ya buɗe hannu ya rungume ƙarfe. Tsohuwa ta kawo famfon keke daga bukkarta, da shi muka mayar wa tayoyi huɗu iska, muna karɓa-karɓa har la'asar sakaliya. Lauban ya saye kifinta duka kwando biyu, wanda ɗazu ya ce meyo. Na ce mata, "Shyeshye, Iya," na gode ke nan, iyakar abin da na iya. Ta ɗaga yatsa ta zana da'ira a sama tana nuna mini wata. Na tuna ranar sha huɗu ce ga wata. Daga baya na ji cewa in wata ya cika ruwan ya fi hawa, shi ya sa yake kai wa inda sauran kwanaki yashi ke bushe.

Ina cikin buga famfo na tuna. Na miƙe na dubi inda muka zauna. Babu tabarma, babu rami, babu sawun taya, ruwa ne shimfiɗe, kan turken gora kawai ya rage. Butar Maigida na bar ta a kan tabarma da shayi na uku a ciki. Na daɗe a tsaye. Alhaji ya gane, ya ce zai saya mini wata. Na ce ya bari.

Sati bai zagayo ba labari ya cika Tianxiu, benen da 'yan kasuwarmu ke haɗuwa. Alhaji yana ba kowa, kullum ruwan yana ƙara zurfi a bakinsa, har ya kai wuya. Mutanen Kano da na Zangon Kumasi suna zuwa su gaishe ni, suna ce mini sarkin yashi. Duk wanda ya faɗa sai in ce masa tsohuwa ce ta fitar da motar, ni sitiyari kawai na riƙe. Ba wanda ya so jin wannan, bai kai na Alhaji daɗi ba.

To kun ji. Maganar Maigida tana nan, ban zubar da ita ba. In kun kafe ku kashe inji, wannan gaskiya ce a ko'ina. Amma kafin ku ɗora shayi, ku duba ko akwai wanda aka haifa a wurin, ku tambaye shi, ko da mai tallan kifi ce. Ni ban tambaya ba, kuma Allah ya yi mini da sauƙi, buta kawai aka karɓa. Shekara ashirin da wani abu ke nan a gwangwani nake dafa shayina, kuna ta yi mini dariya kuna cewa rowa ce. Yanzu kun san dalili.